Ƙauri a Hawan Kurfi

Litinin, 5 ga Nuwamba 1962, bayan la'asar. Dutsin-Ma.

Motar ta sake yin ƙaurin nan. Mun taso daga Kurfi da lodin gyaɗa, mun tsallake rafi mun kama hawan da ke bayan gari, sai ga shi ya cika mini hanci, kamar an jefa tsumma da ƙaho cikin murhu. Inji na ta ihu, mota kuwa sai jan ciki take yi, tafiyarta ba ta kai kukanta ba. Lado, karen motata, ya leƙo ta taga daga saman buhuna, wai ko ya sauka da waigi ya tokare taya. Na ce ya zauna inda Allah ya ajiye shi. Lado ya kusa zama sa'ata, furfura ta fara fito masa a gemu. Bara ya yi lasin, kuma tun daga ranar idonsa bai bar kujerata ba.

Ni Sabitu a soja na koyi tuƙi, can kuma na koyi wannan rubutun. Na ja mota a garuruwan da Lado ko sunansu ba zai iya faɗa ba. Ba ni za a koya wa hawan Kurfi ba. Motar Alhaji Mahmuda ce ta tsufa, gobe zan kai wa Hudu ya duba.

Talata, 6 ga wata, bayan azahar.

Na bi ta bayan asibiti zuwa gareji. Mutanen Talata na nan gindin tsamiya sun yi layi suna jiran ƙwaya, waɗanda cutar nan ta cinye wa yatsu. Na kau da kai kamar kullum na taka totur.

Hudu bakanike ɗan kawuna ne, taubashina, kuma tun muna yara bai taɓa kirana da sunana ba, sai dai bawana. Ina tsayawa ya tarye ni da shi, wai bawansa ya zo gaisuwa ba ko goro. Na ce ban taɓa ganin ubangida da baƙin mai har cikin kunne ba.

Ya ce ƙauri iri-iri ne, kada in ɗaure masa kai. Ya sa na zagaya da ita, sannan ya bi ƙafafun motar yana dafa gangar birki ɗaya bayan ɗaya. Ba wadda ta ɗauki zafi, ya ce to ba birki ba ne. Ya buɗe inji ya shinshina wayoyi, ya ce ba su ba ne, nasu ƙaurin na roba ne. Daga nan ya hau, ya ja birkin hannu, ya sa babbar giya, ya saki kuloci sannu a hankali. Motar da kulocinta ke lafiya nan take take mutuwa in an yi mata haka. Tamu kuwa ta ci gaba da kukanta, ƙauri ya taso ta ƙarƙashin ƙafa. Ya ce farantin kuloci ne ya cinye, sulɓi yake yi, ba ya kama inji.

Sai ya tambaye ni ko nakan bar ƙafa a kan kuloci in ina cikin tafiya, don wai abin da ya fi cin faranti ke nan. Na ce ya ajiye wannan tambayar ya yi wa 'yan koyo. Ya yi dariya, ya ce bai taɓa mallakar bawa mai faɗin rai irina ba.

Asabar, 10 ga wata, bayan magariba.

An kawo sabon faranti daga Katsina. Hudu ya sauke giyabos a gabana, ya duba ko mai na ɗiga a kan farantin, bai sami ko ɗigo ba. Tsohon ya fito baƙi ƙirin, ya yi santsi. Ya ɗaura sabo, ya daidaita abin takawa yadda zai yi ɗan wasa kafin ya fara kamawa. Ya ce in wannan ya ƙone a kakar bana ya daina aikin mota ya koma sayar da fura.

Da na dawo gida Rekiya, matata, ta tambayi abin da ya sami tafin ƙafata ta hagu. Bororo ne ya tashi har ya fashe. Ƙasan motar na zafi ta wajen salansa, kuma nakan tuɓe takalmi wani lokaci. Ta ce yaya aka yi ban ji ba. Na ce mai aiki ba ya jin irin waɗannan ƙananan abubuwa, ta kawo mini tuwo ta bar surutu.

Talata, 13 ga wata, bayan la'asar.

Ƙaurin ya dawo. Sabon faranti, a hawan nan dai.

Laraba, 14 ga wata, da yamma.

Na sami Alhaji a ƙofar sito, mutane cike ana awon gyaɗa. Na ce masa Hudu ya cuce mu, tsohon faranti ya goge ya mayar. Na san a gabana aka ɗaura sabon. Amma ƙauri ba ya tashi haka kawai, dole akwai mai laifi, kuma ba ni ba ne.

Alhaji ya aika aka kira shi. Ya zo da sufana a hannu, ya tsaya ya saurari abin da na ce tun daga farko har ƙarshe. Na zaci zai yi rantsuwa ko ya zage ni, ko ya mayar da abin wasa yadda ya saba. Sai kawai ya dube ni ya ce gobe zai bi mu Kurfi ya ji da hancinsa.

Na faɗa, kuma ban janye ba.

Alhamis, 15 ga wata, bayan magariba.

Da tafiya ba kaya, ba abin da ya faru. Hudu na gefena yana ta tsokanata, wai ina riƙe sitiyari kamar mai tuƙin tuwo. Muka yi lodi, muka juyo. Na tsallake rafi, na sauya giya, muka kama hawa. Ba mu kai rabi ba ƙauri ya taso. Har na ji daɗi. Na juya in ce masa to ga shi nan, sai na ga ba hanya yake kallo ba, ƙasa yake kallo.

"Ɗage ƙahwarka daga kuloci," ya ce.

"Na ɗage tun ƙasan rahi."

"Duba dai."

Na duba. Tana kai. Ta kwanta a kan abin takawa ta danne shi rabi, takalmin ya sulluɓe yana can gefe. Ni kuwa da za a ba ni Alƙur'ani a lokacin sai in rantse tana ƙasa. Na ɗago ta daga gwiwa. Nan take inji ya daina ihu, mota ta ɗauki hawa ta haye sumul.

Daga nan har Dutsin-Ma ƙauri bai sake tashi ba. Ban san ko Lado ya gani ba, amma kansa na wajen taga. Da muka iso Hudu ya sauka ya rufe ƙofa a hankali, ya ce, "Sai da sahe, Malam Sabitu."

Juma'a, 16 ga wata, kafin masallaci.

Malam Sabitu. Wai ni Hudu ke kira Malam Sabitu.

Asabar, 17 ga wata, bayan la'asar.

Gajiya ce. Tun da kaka ta kama ban huta ba, ƙafa kuwa takan sage in an daɗe a zaune. Kowane direba ya san haka.

Na sami guntun katako na kafa kusa da kuloci don in riƙa ɗora ƙafar a kai. Yau duk hanya ina leƙenta. Sai in ajiye ta a kan katako, in ɗaga kai, in sake dubawa in tarar ta zame ta koma inda take so. Ina cikin wannan leƙe saura kaɗan in kwashe saniyar wani Bafillace a kan hanya, Lado ne ya buga rufin mota. In ina kallonta ba ƙauri. To amma ido biyu gare ni, kuma tare suke tafiya.

Wannan bai nuna komai ba. Motar ma ai ba yarinya ba ce.

Litinin, 19 ga wata, bayan magariba.

Hudu ya zo gida. Ya zauna a zaure ya gaishe ni kamar wani surukina, har da tambayar gajiya. Ya ce ya gaya wa Alhaji kuskuren daga wajensa ne, bai daidaita kuloci da kyau ba. Alhaji ya kwashe aikin motocinsa ya kai wa wani. Ban roƙe shi ya yi mini ƙarya ba. Yanzu kuma sai in riƙa ɗauke da alherinsa a ka, ban da abin da nake ɗauke da shi.

Sannan ya zo kan abin da ya kawo shi. Wai yanzu ba kamar zamanin iyayenmu ba ne, akwai ƙwaya, in an fara sha da wuri ko yatsa ɗaya ba ya faɗuwa. Wai ranar Talata ake bayarwa. Na ce wane ne ba shi da lafiya a gidan nan? Na ce ya tashi ya ba ni wuri, aikinsa ƙarfe ne, ya tsaya a kan ƙarfe.

Na shiga ciki na tarar Rekiya tsaye bayan ƙyaure, ta ji komai. Ta ce akwai wani wuri a bayana, ƙasan kafaɗa, da ya yi fari-fari ya kai faɗin tafin hannu, kuma ta lura ko zufa ba ya yi.

"Tun yaushe?"

"Tun damina, Malam."

"Kika yi shiru?"

"Na ce ko ƙyasfi ne. Na yi ta roƙon Allah shi zan ƙyasfi."

Ta ce jiya ina barcin rana ta soka allura a wurin, ban motsa ba. Mata ta soke ni da allura a gidana, taubashi ya zo yana yi mini wa'azi a zaurena. Kowa ya san bayana ban da ni.

Talata, 20 ga wata, da hantsi.

Na sauya hanya, na bar ta bayan asibiti na bi ta kasuwa. Ta fi nisa amma ta fi kyau.

Alhamis, 22 ga wata, bayan azahar.

A tasha mu direbobi da karnukan mota kwano ɗaya muke ci wajen Kyauta mai tuwo, haka muke tun da aka kafa tashar. Yau ina wanke hannu Lado ya ce a zuba masa nasa daban, cikinsa ba daɗi. Sai wani ya tuna yana azumin Alhamis. Wani kuma ya ce ya bar mota a buɗe. Na zauna ni kaɗai da tuwon mutum huɗu. Na ci har na ƙoshi don kada su ga na fasa. Da na miƙe na ga Kyauta ta ware moɗar da na sha ruwa ta kife ta can gefe.

Wani ɗan kamasho da ba ya iya riƙe magana ya ja ni gefe ya gaya mini abin da Lado ke yawo da shi. Wai in an gama gyaɗa aka koma ɗaukar fasinja, wa zai hau motar kuturu.

Na rubuta kalmar. Ba zan sake rubuta ta ba.

Asabar, 24 ga wata, da yamma.

Alhaji ya kira ni. Na shiga na miƙa hannu, sai na tarar hannuwansa duka biyu na kan carbi. Ya tambayi iyali, ya tambayi Inna mahaifiyata, ya yaba tuƙina tun daga ranar da na fara yi masa aiki. Ya yi ta kewaye-kewaye, wai farantin kuloci ba a samunsa nan kusa, wai mutum yakan gaji, wai jiki ba ƙarfe ba ne. Raina ya ɓaci. Na gwammace ya fito ya faɗa da ya riƙa shafa ni da mai.

Sai bakina ya riga hankalina. Na ce tun da ana zargin ƙafata, a ba Lado motar har a gama kwashe gyaɗar Kurfi. In ƙauri ya tashi a hannunsa ko sau ɗaya, an san mota ce, a mayar mini da kujerata, kuma Lado ya zo tasha ya janye maganarsa a gaban kowa. In bai tashi ba, shi ke nan.

Alhaji ya amince tun ban rufe baki ba. Ashe abin da yake jira ke nan, ni na ɗauko na miƙa masa. Na zaro makulli zan ba shi, ya ce, "Aje nan bisa buzu, Sabitu."

Na ajiye.

Litinin, 26 ga wata, bayan la'asar. Kurfi.

Na taho wajen Inna. Na ce wa Rekiya gaisuwa zan yi, na daɗe ban kwana gida ba. Gidanmu na ƙarshen gari, daga ƙofa ana hango hawan.

Inna na tankaɗe na shigo. Ba fuskata ta kalla ba, tafiyata ta kalla, don ƙafar ta fara wani faɗuwa tana bugun ƙasa in na taka. Ba ta tambaye ni komai ba. Ta ɗora ruwa, ta juye a kwarya, ta ce in kawo ƙafar ta gasa mini. Zan tsoma sai ta riƙe ni, ta fara tsoma gwiwar hannunta, ta ƙara ruwan sanyi, ta sake tsomawa, sannan ta sake ni. Rabon da ta gwada mini zafin ruwa tun ina goye.

Da dai ta zage ni ya fi mini sauƙi.

Talata, 27 ga wata, da hantsi.

Yau Talata. Ba inda na je. Motar ta wuce ba kaya, kuma gangara take yi. Wannan ba ya cikin lissafi.

Laraba, 28 ga wata, bayan la'asar.

Akwai wata ɗorawa a tsakiyar hawan, daidai inda ƙaurin yakan fara. Nan na zauna tun azahar. Motar ta zo da lodi, na miƙe na matsa bakin hanya na buɗe hanci. Iska na kaɗawa ta wancan gefen, ta kwashe komai. Ba a yanke hukunci da ranar iska.

Juma'a, 30 ga wata, da yamma.

Rabin lodi. Ko jaki ya hau da wannan.

Asabar, 1 ga Disamba, bayan la'asar.

Lado bai iya tuƙi ba, wannan ko a gaban alƙali zan faɗa. Tun daga rafi nake jin giya na kuka a hannunsa, yana cusa ta kamar mai tura akuya a turke. Ya makara wajen sauyawa, motar ta kusa tsayawa. Na ce yau kam sai ta yi. Ba ta yi ba.

Da ta zo daf da ni na ga ya naɗe sitiyari da sabon ƙyalle, ya cire layar da na rataya a madubi. Masu lodi sun ce da ruwan zafi da toka ya wanke kujerar kafin ya zauna. Mutumin da na koya wa riƙe sitiyari, wanda ya sha ragowar shayina ba sau ɗaya ba.

Wata tsohuwa mai itace ta tambaye ni ko wani nake jira kullum a nan. Na ce eh.

Lahadi, 2 ga wata, da hantsi.

Rekiya ta aiko da dakuwa da saƙo. Wai ta tambaya a asibiti, ba kwantar da mutum ake yi ba, karɓar ƙwaya kawai ake yi a dawo gida. Wa ya aike ta tambaya?

Gobe za a kwashe na ƙarshe.

Litinin, 3 ga Disamba, bayan magariba.

Ina gindin ɗorawa sai ga Hudu a kan keke, tun daga Dutsin-Ma, rigarsa ta jiƙe sharkaf. Ya jingine keken ya zauna kusa da ni, kafaɗarsa na taɓa tawa. Ban gaishe shi ba, shi ma bai gaishe ni ba. Ganye ko ɗaya ba ya motsi.

Da la'asar muka ji motar. An tula mata duk abin da ya rage a sito, buhuna sun wuce bodi, tana rangaji. Ban taɓa hawa da lodi irin wannan ba. Na ce a raina ya Allah ko sau ɗaya, ko kaɗan ne, wanda Hudu zai ji ya shaida.

Ta wuce mu tana nishi. Ban ji komai ba. Na ce ko nisa ne, sai na tashi na bi ta. Tafiyar ba ta fi ta mutum ba, na kama ƙarfen bodi na sunkuya na cusa kaina ta ƙarƙashi ina shaƙa. Hayaƙi na shaƙa, da fetur, da ƙamshin gyaɗa. Na bi ta ina ɗingishi ina shaƙa har ƙarshen hawan. Lado na ganina ta madubi, bai tsaya ba, bai yi oda ba. Da ta kai sarari ya sauya giya, ƙarfen ya fizge daga hannuna, ta tafi.

Na juyo. Mata masu dawowa daga rafi sun tsaya da tuluna a ka suna kallona. Na gangaro. A kan tsakuwa na riƙa ganin ɗigon jini, ɗaya bayan ɗaya, suna bin hanyar da na hau. Sai da na duba ƙasa na san nawa ne. Hudu na tsaye tsakiyar hanya riƙe da takalmina na hagu.

Na ce masa iska ce ta kwashe.

"Ba iska yau, bawana," ya ce.

Ya durƙusa ya kakkaɓe mini tsakuwar da ta shige tafin ƙafar, ya yagi bakin rawaninsa ya ɗaure, ya sa mini takalmin da hannunsa. Ina kallo yana yi, ban ji komai ba. Na yi kuka a gaban matan nan, ni da ban yi a soja ba.

Motar lafiyarta lau. Farantin Hudu lafiyarsa lau. Kujerar ta zama ta Lado.

Gobe Talata. Hudu zai kwana nan wajen Inna. Ya ce da safe mu jira mota ta kai mu Dutsin-Ma, na ce ba zan hau bayan motar kowa ba, ya goya ni a keke. Ya ce to. Na ce kuma in mun isa mu bi ta bayan gari zuwa asibiti, kada mu wuce ta tasha.